"Tendency": kalmar da ke shigo mana gida a katin makaranta, takardar asibiti da shafin jarida

A wannan makon ina so mu ɗan ajiye zancen farashin tumatir da kuɗin mota, mu duba wata kalmar Turanci guda ɗaya da ke shigowa gidajenmu a rubuce ba tare da an tsaya an auna ta ba. Kalmar ita ce "tendency". Duk mai yaro a makarantar boko, ko a Agege yake, ko Sabo ta Badun, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Bogobiri ta Kalaba, da wuya a ce bai taɓa karɓar katin sakamako mai ɗauke da ita ba, a layin nan na ƙasa inda malamin aji ke rubuta ra'ayinsa. Tana cikin tambayoyin da ake yi wa mutum kafin a yi masa aiki a asibiti. Tana bakin lauyoyi da 'yan sanda. Tana kuma fitowa a jaridu duk sanda aka yi wata hatsaniya a kasuwa, aka zo bayanin ko su wane ne "mutanen nan".

Shekarun da na yi ina koyar da Turanci a ajin yamma na manya, da kuma karanta wa makwabta takardu, sun nuna mini cewa mutanenmu kashi biyu ne a kan wannan kalma. Wani idan aka karanta masa sai ya ce ai ba komai, Turancin malamai ne kawai. Wani kuma sai ya ɗauka an zagi zuri'arsa, ya zari hula ya nufi makaranta. Dukkansu biyun ba su san nauyin kalmar ba, domin nauyinta yana canjawa ne gwargwadon wanda ya rubuta ta, da inda ya rubuta, da kalmar da ya jingina mata.

A taƙaice, "tendency" na nufin karkata. Ka dubi bishiyar da iska ta daɗe tana kaɗawa ta gefe guda. Ba ta faɗi ba, tana nan tsaye da saiwarta, amma kowa ya kalle ta ya san inda ta dosa. To haka kalmar take. Idan aka ce mutum yana da ita game da wani abu, ana nufin idan aka bar shi yadda yake, can ya fi nufa. Ba a ce kullum yake yi ba, ba a kuma ce dole gobe ya yi ba.

Asalinta daga Latin ne, daga wani fi'ili "tendere" mai ma'anar miƙawa ko ja, kuma ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne muna da 'yar uwarta a Hausa ba mu sani ba. Tantin da muke kafawa a wurin biki ko zaman makoki, daga "tent" muka aro shi, shi kuma daga wannan tushen ya fito, tunda yadi ne ake ja a ɗaure. Haka "tension", da "extend", da "attend", da "intend", duk 'yan gida ɗaya ne. Wannan dangantakar ce ma ke sa ɗalibai rikita su, zan dawo kan haka.

Yanzu ta yaya za mu faɗe ta da Hausa? Masu fassara da yawa kan ruga su ce "hali" ko "ɗabi'a". A ganina hali ya yi mata nauyi. Mu a wurinmu hali zanen dutse ne, abu ne da ya zauna, ba a kankare shi da ruwa. Idan ka ce wa uba "ɗanka yana da halin faɗa", ka riga ka yanke wa yaron hukunci. Bature kuwa idan ya ce "He has a tendency to fight", bai kai can ba. Abin da ya fi kusa da maganarsa shi ne "yakan yi faɗa", ko "ya cika faɗa", ko "ya faye saurin kai hannu". Wato abin da Turanci ke yi da suna, mu da fi'ili muke yinsa. Wannan ɗan "kan" ɗin da ke cikin nakan, yakan, takan, mukan, sukan, shi ke ɗauke mana aikin gaba ɗaya. Shi ya sa idan ka tsaya neman suna guda ɗaya na Hausa da zai zauna daram a gurbinta, sai ka yi ta wahala a banza. Ka sauya ginin jimlar kawai, magana ta fita.

Akwai kuma "habit", wadda ake yawan haɗa su. Ita "habit" sabo ce, abin da mutum ya yi ta maimaitawa har ya zama jiki: cin goro, shan shayi da sassafe, sauraren rediyo da asuba. Ba Sabon da 'yan uwanmu na Badun da Shagamu da Abekuta ke zaune nake nufi ba, wancan daga Sabon Gari ne, ba kuma saɓon Allah ba. Sabo dai irin wanda ake ce wa turken wawa. Bambancinsu shi ne sabo sai an yi ta yi kafin a same shi, ita kuwa karkata tana iya kasancewa tun kafin a yi komai, kuma ba sai mutum ba. Albasa ba ta da sabo, amma Bature zai ce maka "Onions have a tendency to rot in the rainy season", wato albasa takan ruɓe da damina. Duk wanda ya taɓa sauke tirela a Mile 12 cikin watan Yuli ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Katin makaranta

A nan ne kalmar ta fi samunmu, don haka bari in ɗan daɗe.

Malaman makaranta suna son ta ne saboda tana ba su damar faɗin laifi ba tare da sun yi zargi kai tsaye ba. Idan malama ta rubuta "Aisha has a tendency to talk in class", cewa take yi yarinyar ta cika surutu a aji. Wannan ƙaramin abu ne, nasiha a gida ta ishe shi. Idan aka rubuta "He has a tendency to rush his work", yaron yana da gaggawa, yakan yi aiki sharaf-sharaf don ya gama. Shi ma ba abin tada hankali ba ne, sai dai a zauna da shi a riƙa duba littafinsa.

Amma ku lura da kalmar da ke gabanta, domin ita ce ma'aunin. "A slight tendency" ɗan kaɗan ne. "A strong tendency" ko "a marked tendency" ya yi ƙarfi, har kowa ya gani. "A growing tendency" kuwa yana nufin abin ƙaruwa yake yi, bana ya fi bara, kuma ni a wurina wannan ya fi sauran buƙatar uba ya tashi ya je makaranta da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai kuma inda kalmar ta koma jam'i, aka ce "tendencies", aka sa mata siffa a gaba. To a nan fa magana ta canja. "Violent tendencies", "bullying tendencies", "criminal tendencies". Waɗannan ba ra'ayin ƙarshen zango ba ne kawai. Irin kalmomin da ake ajiyewa a fayil ne, waɗanda ake zarowa ranar da aka yi niyyar dakatar da yaro ko korarsa, ko ranar da wata makarantar ta nemi shaidar halinsa kafin ta karɓe shi. Idan ka ga irin wannan a takardar ɗanka, kada ka sa hannu ka mayar ka yi shiru, kada kuma ka je da faɗa. Ka je da tambayoyi uku: yaushe abin ya faru, sau nawa, kuma wa ya gani? Dalili shi ne kalmar da kanta tana da'awar maimaici. Ba a kiran abin da ya faru sau ɗaya "tendency". Yaron da ya yi dambe sau ɗaya a shekara uku, ranar da aka kira shi da sunan da ba ya so, ya yi faɗa, a hukunta shi a kan faɗan. Amma wanda ya rubuta cewa yana da "violent tendencies" sai ya kawo na biyu da na uku. In babu, kana da haƙƙin ka roƙi a gyara rubutun, cikin ladabi, kuma a rubuce.

Idan kuma aka lissafo maka, ranar kaza da ranar kaza da ranar kaza, to malam ya yi maka gata. Ka gode masa, ka koma gida ka yi aikinka na uba. Na sha ganin iyayen da ke kare yaro ido rufe don kawai malamin ba Bahaushe ba ne, wannan kuma yaron ake cuta.

Wani abin lura: kusan kullum kalmar kan zo ne da abin da ba a so. Nahawu bai hana a ce "a tendency to help others" ba, kuma ana faɗa, amma kunnen mai Turanci ya fi sabawa da jin ta tare da makara, mantuwa, ƙarin gishiri a magana, saurin fushi. Saboda haka matasanmu masu rubuta takardar neman aiki, don Allah ku daina rubuta "I have a tendency to work hard". Mai karantawa zai ji kamar kana ba da haƙuri ne a kan wata larura. Ka ce "I am hardworking", ka wuce.

Yadda ake gina ta a jimla

Wannan ɓangaren na masu shirin WAEC da NECO da JAMB ne, da sakatarorin ƙungiyoyinmu masu rubuta wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma.

Abu na farko, ana ƙirga ta, don haka ba ta tafiya tsirara. Sai an ce "a tendency" ko "the tendency". Wanda ya rubuta "He has tendency to lie" ya yar da harafi guda, kuma mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro. Mu Hausawa muna yawan yin wannan saboda harshenmu ba ya tilasta irin wannan ɗan harafin.

Bayanta kuma, hanyar da ta fi kowace aminci ita ce "to" sannan fi'ili tsurarsa: "a tendency to forget", "a tendency to arrive late". Idan suna ne zai biyo baya, sai a sa "towards": "a tendency towards violence". Idan kana so ka ambaci mai yin abin a tsakiya, sai ka ce "There is a tendency for prices to rise before Sallah", wato kaya sukan yi tsada gab da Salla. Ko ka ce "the tendency of drivers to overload", yadda direbobi suka cika lodin da ya wuce kima. Abin da ake yawan ji a titi shi ne "tendency of doing", kamar "He has the tendency of shouting". Kowa zai gane ka, amma a takardar jarrabawa ka tsaya kan "to shout".

A rubutu, ƙarshenta "ency" ne, ba "ancy" ba. A furuci kuma ƙarfin yana kan gaɓar farko, TEN, sauran biyun a sassauta su.

Gaskiyar magana ma, sau da yawa ba ka buƙatar sunan gaba ɗaya. Fi'ilin "tend" ya fi sauƙi, ya fi kama da maganar mutane: "Prices tend to rise." Kalma huɗu, an gama. Wannan shi ne takwaran "sukan" ɗinmu sak. A Turancin buroka kuwa da muke ciniki da shi kullum, babu mai wahalar da kansa: "na so e dey do", ko "e dey always vex". Bayarabe zai yi maka zancen "iwa", Inyamuri ya ce "agwa", amma waɗannan sun fi kusa da halinmu, ba da karkata ba.

Sai rikicin 'yan gida ɗaya da na ambata. "Tend" daban, "intend" daban. Na biyun niyya ce. Wanda zai tafi Sakkwato gobe ba zai ce "I have the tendency to travel tomorrow" ba, domin gobe rana ɗaya ce, ba a karkata zuwa gare ta. Sai ya ce "I intend to travel tomorrow."

Akwai kuma wani amfani da ita da ya zama ruwan dare a Najeriya, har a bakin manyan jami'ai da 'yan jarida: "There is every tendency that it will rain today", ko "There is a tendency that fuel price will go up next week." Abin da mai maganar ke nufi shi ne akwai yiwuwa, da alama. Ni ba na cikin masu raina Turancin Najeriya, ya zama namu, kuma a hira babu wanda zai tsayar da kai. Amma ka san cewa a wajen ƙasar nan, da kuma a gaban mai duba jarrabawa, kalmar da ake so a wannan gurbin ita ce "likelihood" ko "possibility", ko kawai a ce "It is likely to rain". Karkata tana kallon abin da aka saba gani ne a baya. Yiwuwa kuwa tana kallon abu guda da ke gaba. Amfanin sanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake: idan dillali ya ce maka "there is every tendency" kayanka za su iso ranar Litinin, bai yi maka alkawari ba, hasashe ya yi. Kada ka karɓi kuɗin mutane a kan wannan maganar.

Kuma don Allah kada a haɗa ta da "tenancy". Harafi biyu ne kacal suka raba su a rubuce, a bakin mai sauri kuma kusan ɗaya suke, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. "Tenancy" zaman haya ne. Takardar da ka sa wa hannu da mai gida ko ejan ita ce "tenancy agreement", kuma ita ce za a duba ranar da aka kawo maka notis. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa idan yarjejeniyar ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida. Don haka idan an kawo takarda gida, yaro ya karanta maka da sauri, ka sa ya nuna maka kalmar da yatsa. Ɗaya tana maganar ɗabi'arka, ɗayar tana maganar rufin da ke kanka.

Asibiti, kotu, da jarida

A asibiti kalmar ba ta da zargi ko kaɗan, amma a nan ne rashin gane ta ya fi haɗari. Kafin a cire haƙori, ko a yi tiyata, ko a yi wa yaro kaciya, likita ko nas kan tambaya: "Any bleeding tendency?" ko "Any bleeding tendency in the family?" Mutanenmu da yawa sukan ce "no" da sauri, don sun ɗauka ana tambaya ne ko jini na zuba yanzu. Abin da ake tambaya shi ne: idan ka yanke, jinin yakan daɗe bai tsaya ba? Kakan yi haɓo akai-akai? Jikinka yakan yi tabon taruwar jini daga ɗan bugu kaɗan? A danginku an taɓa samun yaron da jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya? Akwai cutar rashin daskarewar jini da likitoci ke kira himofiliya, wadda galibi maza take kamawa, kuma ta wajen uwa ake gadonta. Shi ya sa amsar tana iya kasancewa a wurin kawunnan yaro, 'yan uwan mahaifiyarsa, ba a wurin dangin uba ba. Uba ne yawanci ke tsayawa gaban likita, shi kuma tarihin gidansu kaɗai ya sani. A tambayi uwar. Haka kuma wanda ke shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, ya faɗa. Wannan tambayar ma ya kamata wanzamanmu na zango su riƙa yi kafin su ɗauko aska.

Idan kuwa takardar likita ko ta mai ba ɗalibai shawara a makaranta ta ce "suicidal tendencies", to ana nufin an ga alamun mutumin yana tunanin halaka kansa. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne don kunya, ba kuma abin da za a tsaya yi wa mutum faɗa a kai ba. A yi addu'a, a kuma kai shi wurin likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba ta Legas, da Aro ta Abekuta, da Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, kuma kowane babban asibiti zai iya tura mutum can.

A ofishin 'yan sanda da kotu kuma, za ka ji ana cewa wane yana da "criminal tendencies". Kalma ce mai tsoratarwa, amma ya kamata a san iyakarta. Kotu tana hukunta mutum ne a kan abin da aka tabbatar ya aikata, ba a kan inda ake ganin ya karkata ba. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 82, ta ce a shari'ar laifi ba a karɓar shaidar cewa wanda ake tuhuma mutumin banza ne, sai a wasu 'yan wurare, misali idan halin nasa shi ne abin da ake shari'a a kai, ko kuma idan shi da kansa ya fara kawo shaidar cewa mutumin kirki ne. Wannan na ƙarshen abin lura ne ga masu zuwa kotu su yi ta rantsuwa cewa ɗan uwansu ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. Ku bar lauya ya tsara abin da za a faɗa, domin wani yabon ƙofa yake buɗewa.

Inda kalmar ta fi yi mini ciwo shi ne idan aka ɗauke ta daga kan mutum ɗaya aka yafa wa al'umma. Duk wanda ya zauna a Kurmi ya san yadda abin ke tafiya. Rikicin Shagamu na 1999, na Idi Araba na 2002, na Mile 12 na 2016, na kasuwar Shasha a Badun na 2021, kowanne da musabbabinsa da mutanen da suka haddasa shi. Amma da ƙura ta lafa sai ka ji masu sharhi a rediyo da Facebook suna cewa "these people have a tendency to", sannan a cike gurbin da duk abin da aka ga dama. Daɗin kalmar a bakin irin wannan mai magana shi ne ba ta da saurin ƙaryatuwa. Idan ya ce dukkan Hausawa masu faɗa ne, ka nuna masa mai shayin layinsu da ya shekara ashirin bai ɗaga wa kowa murya ba, magana ta mutu. Amma idan ya ce "tendency", sai ya amsa maka da cewa ai bai ce duka ba. Ya yi zargin, ya kuma bar wa kansa ƙofar fita.

Maganinsa tambayoyin nan ne da na ce a yi wa malamin makaranta, da ƙarin guda ɗaya: cikin mutum nawa? Idan 'yan acaba goma sun karya dokar hanya, cikin nawa ne? Kuma an gwada da sauran masu acaba da ba 'yan Arewa ba? Karkata magana ce ta lissafi, wanda ya faɗe ta ya ci bashin adadi. Sai dai fa mu ma mu riƙe wannan ma'aunin a kanmu. Sau nawa muke zama a majalisa muna cewa ai Yarabawa sukan yi kaza, Inyamurai sun cika kaza? "Sukan" ɗin nan namu da "tendency" ɗinsu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tunda zancen lissafi ya shigo, 'yan sakandare za su tuna da "measures of central tendency" a darasin lissafi da na tattalin arziki. Ma'anarsa hanyoyin gano inda tarin adadi ya fi taruwa, kuma guda uku ake koyarwa: "mean", "median" da "mode". Bari in ba da misali na ƙirƙira. A ce 'yan kasuwa biyar, ribar kowanne a rana: naira 4,000, da 5,000, da 5,000, da 6,000, sai wani babban dila mai 80,000. Idan ka tara ka raba biyar, ka sami 20,000, wannan shi ne "mean". Idan ka jera su ka ɗauki na tsakiya, 5,000 ne, shi ne "median". Wanda ya fi maimaituwa, shi ma 5,000, shi ne "mode". Ka ga mutum ɗaya ya ja lissafin farko ya kai shi inda huɗu daga cikin biyar ba su taɓa zuwa ba. Idan mai karɓar haraji ya zo kasuwa da 20,000 a ransa, an zalunci mutum huɗu. Shugabannin kasuwanninmu da ke zama da jami'an ƙaramar hukuma kan kuɗin rumfa ya kamata su riƙa tambaya wane daga cikin ukun aka yi amfani da shi.

A shafin siyasa kuma kalmar tana da wata ma'ana ta daban: ɓangare a cikin jam'iyya, mutanen da suka karkata wuri ɗaya. A Ingila an yi wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin gurguzu a cikin jam'iyyar Leba da ake kira Militant Tendency, wadda ta yi ƙarfi a majalisar birnin Liverpool a shekarun 1980, har shugaban jam'iyyar na lokacin, Neil Kinnock, ya yaƙe ta aka kori jagororinta. A nan gida, idan jarida ta ce shugaban jam'iyya zai tafi da "all tendencies in the party", tana nufin zai rungumi kowane ɓangare. An yi ta amfani da irin wannan lafazin kan APC, tunda a 2013 aka haɗa ta daga ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, kuma kowa bai manta gidan da ya fito ba. Dattawanmu ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Su tuna PRP a jamhuriya ta biyu, lokacin da ta rabu gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suna tare da Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Da ɗan jaridar Legas ne zai rubuta labarin da Turanci, "two tendencies" zai kira su.

Akwai sauran maƙwabtanta da za ku ci karo da su. "Trend" ta fi dacewa da inda kasuwa ko yayi ya dosa cikin wani lokaci, shi ya sa ake cewa abu yana "trending" a intanet. "Inclination" ta fi kusa da abin da rai ke so. "Propensity" ita ce ta manyan takardu da littafin tattalin arziki, ma'anarta kusan ɗaya da tamu sai dai ta fi ta sa babbar riga. "Prone to" kuma ana amfani da ita ga abin da ke saurin samun mutum ko wuri, kamar a ce unguwa "is prone to flooding", wato ruwa yakan ci ta. Mai neman ɗaki a gefen Ajegunle ta hanyar Ikorodu, ko wasu sassan Fatakwal, idan ya ga wannan a takarda, ya je ya duba bangon gidan da idonsa, zai ga layin da ruwan bara ya tsaya.